Masu Tsaron Ƙofar Python: Yadda Sabon Zubi Ke Fitowa Kowane Oktoba

Ranar 1 ga Oktoban 2024 aka tsayar don sakin Python 3.13. Ranar ta zo, amma abin da ya hau shafin python.org zubin gwaji ne na uku, wanda babu shi a jadawalin da aka tsara tun farko. Ana saura kwanaki kaɗan a kammala sai aka gano cewa sabon tsarin da aka saka wa harshen, mai kwashe bayanan da manhaja ta gama amfani da su daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana sa wasu ayyuka jan ƙafa. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Sphinx, manhajar da ake haɗa littafin bayanin Python ɗin kansa da ita. Mark Shannon, ɗaya daga cikin ƙwararrun da suka fi sanin cikin injin Python, ya daɗe yana wannan aiki, kuma an riga an jera shi cikin sababbin abubuwan da za su zo a shekarar.

Hukunci ya rataya a wuyan Thomas Wouters, ɗan ƙasar Holan, wanda shi ne jagoran fitar da 3.13. Ko dai a saki harshen a kan lokaci da tangarɗar da ba a gama gane kanta ba, ko a yi ta faci cikin gaggawa, ko kuma a cire aikin ɗungurungum a koma tsohon tsari. Na ukun aka ɗauka. Aka cire, aka fitar da zubin gwaji, aka ba jama'a kwana shida su jarraba, sannan ranar 7 ga wata Python 3.13 ya fito.

Mafi yawan masu amfani da harshen ba su ma san an yi ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Zariya ko Yamai da ya sauke Python a wannan makon, abin da ya gani kawai shi ne ya danna, ya girka, ya yi aiki.

Python harshe ne na rubuta manhaja, wanda Guido van Rossum ya fara saki a Fabrairun 1991 lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam. Yau da shi ake gina shafukan intanet, da shi masana kimiyya ke nazarin alƙaluma, kuma shi ne harshen da ya mamaye fagen ƙirƙirarriyar basira. Tushensa a buɗe yake: kowa na iya karanta rubutun da aka gina shi da shi, ya kwafa, ya gyara, ya aiko da gyaran. Babu kamfanin da ya mallake shi. Gidauniyar Python Software Foundation, wadda aka kafa a 2001, ita ke riƙe da haƙƙinsa, amma ba ita ke rubuta shi ba. Masu rubuta shi mutane ne warwatse a nahiyoyi, wasu suna yi bayan sun tashi daga aiki, wasu kuma kamfanonin da suke wa aiki sun ware musu sa'o'i. A cikinsu akwai 'yan cikin gida, wato waɗanda aka amince musu su shigar da gyara kai tsaye cikin uwar ma'ajiya.

To, a taron da ba mai biyan wani albashi, ba mai iya korar wani, wa zai ce an gama? Wannan tambayar ce ta haifar da muƙamin jagoran fitarwa. Ana ɗauko shi daga cikin 'yan cikin gida, a damƙa masa zubi biyu a jere. Ba shi ke zaɓar abin da harshen zai zama ba. Wannan aikin kwamitin mutum biyar ne da ake zaɓa, wanda ya karɓi ragama a farkon 2019 bayan van Rossum ya ajiye shugabanci a Yulin 2018. Abin da ke hannun jagoran fitarwa shi ne lokaci da ƙofa: yaushe za a daina karɓar sabon abu, wace matsala ce ta isa ta tsayar da komai, wace ce za ta jira baɗi. Tun 2001 aka rubuta matakan aikin a takarda mai lamba 101 cikin jerin takardun shawara na Python da ake kira PEP, kuma Barry Warsaw da van Rossum ne suka rubuta ta. Har yau ana bin ta, ana yi mata kwaskwarima.

Ciwon da ya koya musu hankali

Ba za a gane dalilin tsantseninsu ba sai an koma Disambar 2008, lokacin da aka saki Python 3.0. Masu harshen sun ga akwai kurakuran ƙira da suka taru tun shekarun farko, musamman yadda ake cakuɗa rubutun ɗan Adam da tsurar bayanan kwamfuta, sai suka yanke shawarar gyara su a karo ɗaya. Gyaran ya yi daidai a ilmance, amma ya karya kusan duk manhajar da aka rubuta da tsohon zubi. Kamfanoni suka ƙi ƙaura saboda kayan aikin da suka dogara da su ba su ƙaura ba, masu kayan aikin kuma suka ce ba su ga masu amfani a sabon gida ba. Kowa na jiran kowa.

Python 2.7, wanda ya fito a Yulin 2010 a matsayin na ƙarshe a tsohon layi, an so a yi masa ritaya a 2015. A 2014 dole ta sa aka ƙara wa'adin zuwa 2020. Benjamin Peterson, wanda ya karɓi jagorancin wannan zubi yana matashi, shi ya yi ta jinyarsa shekara goma, har zuwa 2.7.18 a Afrilun 2020. A tsakani, roƙon a yi 2.8 ya yi yawa har sai da Warsaw ya rubuta takarda guda a 2011, mai lamba 404, don ya faɗa a hukumance cewa ba za a taɓa yin sa ba.

Sama da shekara goma jama'a ɗaya na magana da harshe biyu. Duk ƙa'idar da ake bi yau tana ɗauke da tabon wannan zamani. Idan za a cire wani abu daga harshen, sai an fara yi wa masu amfani da shi gargaɗi na aƙalla zubi biyu. Tsofaffin ƙunshin kayan aiki 19 da aka sauke daga 3.13, irin su cgi da telnetlib, tun a 3.11 aka fara shelar tafiyarsu.

Daga tasha zuwa jirgi

Har zuwa 3.8, wanda ya fito a Oktoban 2019, ana sakin sabon zubi ne kusan bayan kowane wata 18. Abin ya ɗan yi kama da motar haya a tasha: ana da lokacin tashi a baki, amma kowa ya san in ta tafi za a daɗe kafin wata ta zo, don haka mai kaya yakan cusa kayansa ko bai gama ɗaure su ba. Łukasz Langa, ɗan ƙasar Polan da ke jagorantar 3.8 da 3.9, ya kawo shawara mai lamba 602 cewa a mayar da ita jirgin ƙasa, mai tashi kowane Oktoba, ya cika ko bai cika ba. Wanda bai shirya ba ya jira na gaba, ba zai wuce shekara ba. Aka amince a 2019, kuma tun daga 3.9 ba a taɓa tsallake Oktoba ba.

Kowane zubi yana cin wata 17 kafin ya fito. Wata biyar na farko ana aiki a kansa shiru, yayin da hankalin kowa ke kan wanda ke gabansa. Daga Oktoba sai a fara fitar da zubin alfa wata-wata, inda komai ke iya shiga, komai ke iya fita. A watan Mayu ake fitar da beta na farko, kuma wannan ita ce ranar da ta fi kowace nauyi a shekarar masu rubuta Python, domin a ranar ake rufe ƙofa. Jagora zai yanke wa zubin reshensa na daban a ma'ajiyar da ke GitHub, inda aikin ya koma a 2017. Daga nan gyaran kuskure kawai ke shiga reshen. Duk mai sabuwar dabara, komai kyanta, sai dai ya zuba ta a babban reshe, wanda tun daga ranar ya zama na zubin baɗi.

Wata biyu na ƙarshe kuwa na zubin share fage ne, wanda suke taƙaitawa da rc. A nan ko ɗan cikin gida ba ya shigar da gyara sai wani ya duba masa, kuma a kwanakin ƙarshe jagora kan kulle reshen ya riƙe mabuɗin. Burin shi ne zubin share fage na ƙarshe da zubin gaskiya su zama kusan abu ɗaya.

Akwai wata alama da ake liƙa wa rahoton matsala wadda ke nufin ba za a saki komai ba sai an warware ta. Kowane ɗan cikin gida na iya liƙa ta, amma jagora ne ke da ta cewa kan ko ta cancanta. Akwai kuma rundunar kwamfutoci da mutane da ƙungiyoyi suka ba da aro, masu gina Python su jarraba shi a kan Linux da Windows da macOS da injina iri-iri duk lokacin da aka yi canji. Idan gwaji ya faɗi a kan manyan dandamalin da aka yi alkawarin tallafawa, fitarwa ta tsaya.

Gwaji mafi amfani dai daga waje yake zuwa. Injiniyoyin Fedora, ɗaya daga cikin rassan Linux, sukan ɗauki zubin alfa su sake gina dubban manhajojin da ke rumbunsu a kansa, su ga me ya karye. A farkon 2022 sun dawo da labarin cewa wasu tsofaffin sunaye da aka goge daga 3.11 sun durƙusar da manhajoji masu yawa, duk da an cika sharuɗɗan gargaɗi. Aka mayar da sunayen, aka ɗaga gogewar zuwa 3.12. Bisa ƙa'ida masu gogewar ba su yi laifi ba, amma an fifita halin da mutane ke ciki a kan abin da takarda ta halatta, kuma wannan zaɓi ne da ya dace.

Shekarun Pablo

Wanda ya fi ɗanɗana zafin kujerar a 'yan shekarun nan shi ne Pablo Galindo Salgado, ɗan Sifaniya mai ilimin fiziks da ke aiki a Landan, jagoran 3.10 da 3.11.

A Afrilun 2021, saura makonni kaɗan a rufe ƙofar 3.10, rigima ta ɓarke kan wani canji da aka shirya tun zamanin 3.7. Ya shafi bayanan da mai rubuta manhaja ke liƙawa don nuna irin abin da ake sa ran a shigar, lamba ce ko rubutu ko wani abu. An tsara cewa daga 3.10 Python zai riƙa ajiye waɗannan bayanai a matsayin rubutu zalla ba tare da ya fassara su nan take ba. Samuel Colvin, mai manhajar pydantic wadda wata manhaja mai suna FastAPI ta dogara a kanta, ya ɗaga murya cewa hakan zai iya lalata aikin dubban mutane, domin su waɗannan bayanan suke karantawa yayin da manhaja ke gudana. Kwamitin mutum biyar ya zauna, ya janye canjin kafin beta na farko ya fito ranar 3 ga Mayu. Marubucin shawarar da aka janye ba wani ba ne illa Langa, wanda ya tsara jadawalin da ya tilasta a yanke hukunci kafin wannan rana. Mafita ta dindindin, wadda Larry Hastings ya zana, sai a 3.14 ta shiga, bayan shekara huɗu.

Lambar zubin ma ta zo da nata ciwon kai. Manhajoji da dama sun saba ɗaukar haruffa ukun farko na lambar, wasu kuma suna karanta ta kamar lambar lissafi, sai suka mayar da 3.10 ta zama 3.1, zubin da aka saki tun 2009.

Shekara ta biyu ta fi wuya. Wata tawaga da Microsoft ta ɗauki nauyi, wadda van Rossum da Shannon ke ciki, ta sake fasalin cikin injin don ya ƙara gudu, kuma ta yi nasara: a gwajin da aka auna, 3.11 ya fi 3.10 sauri da kusan kashi 25 cikin 100 a matsakaici. Amma taɓa ciki haka ya girgiza manhajojin da ke manne da injin kai tsaye. Matsaloli masu tsayar da fitarwa suka taru, beta na huɗu ya makara da makonni. A Yulin 2022 Galindo ya rubuta wa abokan aikinsa a fili cewa in abubuwa ba su daidaita ba, za a iya ɗaga fitarwa har Disamba. Maganar ta zaburar da mutane. Aka ƙara beta na biyar, aka share matsalolin ɗaya bayan ɗaya, 3.11 ya fito ranar 24 ga Oktoba, mako uku bayan ranar da aka tsayar da farko.

Abin lura a nan shi ne Galindo bai umarci kowa ba, don ba shi da ikon hakan. Makaminsa ɗaya ne: ya faɗi gaskiyar halin da ake ciki a bainar jama'a, ya kuma ƙi sa hannu.

Ita ranar fitarwar kanta aikin sa'o'i ne na bin matakai. Jagora zai tabbatar babu sauran matsala mai tsayarwa, ya tattara ɗaruruwan guntayen bayanan canji da kowane mai gyara ya rubuta ya mayar da su takarda ɗaya, ya canza lambar zubi, ya buga wa ma'ajiya tambari, a ɗaure ƙunshin tushe da littafin bayani. Sannan ya jira wasu mutum biyu da shekaru ke nan suna wannan hidima: Steve Dower mai haɗa na Windows, da Ned Deily mai haɗa na macOS, wanda shi ma ya taɓa jagorantar 3.6 da 3.7. Sai kayansu sun iso a sa hatimi a ɗora. Galindo ya yi wannan aiki kai tsaye a bidiyo ranar fitar 3.10, jama'a na kallo daga ko'ina, abin da ya buɗe wa mutane da yawa ido kan yawan hannuwan da ke taɓa fayil ɗin da suke saukewa cikin minti biyu.

Amana

Wanda ke ɗaure ƙunshin ƙarshe shi ne wanda duniya ta miƙa wa amanar kwamfutocinta, ko ta sani ko ba ta sani ba. Abin da ya faru da xz a Maris 2024 ya nuna girman wannan. Xz ƙaramar manhaja ce ta matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux, kuma mutum ɗaya ne ya daɗe yana ɗawainiya da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimako, yana neman yarda, har aka ba shi damar fitar da sabon zubi. Sai ya dasa ɓarauniyar hanya, kuma ya ɓoye kunamar da ke tayar da ita a cikin ƙunshin fitarwa, inda masu duba ma'ajiya ba za su gani ba. Allah ya taimaka wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta na ɗaukar ƙarin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono ta.

Python ya riga ya fara ɗaura ɗamara kafin nan. Daga 3.11 aka fara sa wa fayiloli hatimin Sigstore, tsarin da ke ɗaure sa hannun da shaidar wanda ya yi shi, ya kuma rubuta shi a kundin da kowa zai iya dubawa, maimakon dogaro da mabuɗin sirri guda da mutum zai yi shekaru yana ɓoyo. A 2023 gidauniyar ta ɗauki Seth Larson aiki na cikakken lokaci kan tsaro. Daga 3.14 kuma aka daina tsohon hatimin PGP gaba ɗaya.

Tsaro ne kaɗai ke iya karya dokar hana canji a tsohon zubi, kuma ko shi ba ya wucewa salin-alin. A Satumban 2022 an fitar da gyara a zubi huɗu a tare, daga 3.7 zuwa 3.10, saboda an gano mugu na iya aika wa shafin intanet lamba mai tsawon gaske ta cinye ƙarfin injinsa wajen juya ta. Maganin shi ne a ƙayyade juyawa tsakanin rubutu da lamba a kan alƙaluma 4300 sai in mai manhaja ya ɗaga iyakar da kansa. Masu lissafi da ke aiki da manyan lambobi suka wayi gari aikinsu ya tsaya bayan ɗan gyaran da suka ɗauka ba zai taɓa komai ba, suka kuma yi ƙorafi mai zafi. Suna da hujja. Masu tsaro ma suna da tasu, domin irin wannan rauni ba a tattauna shi a fili kafin a toshe. Iyakar ta zauna har yau.

Oktoba ba ita ce ƙarshen aikin jagora ba. Kowane zubi yana da shekara biyar na rayuwa. Daga 3.13, shekara biyu na farko ana fitar da gyaran kurakurai kusan bayan kowane wata biyu, sauran ukun kuma gyaran tsaro kawai, ba tare da fayil ɗin girkawa na Windows ko macOS ba. A kowane lokaci akwai zubi biyar a raye, na shida kuma yana kan ƙira, kuma in rauni ya bayyana jagorori uku ne za su daidaita rana su saki gyara tare. Wannan nauyi yana da yawa a kan mutanen da mafi yawansu ke da wani aikin na cin abinci, kuma kamfanonin da ke samun biliyoyi da harshen bai kamata su bar shi ga kirkin mutum ɗaiɗai ba. An fara gyara: a 2021 gidauniyar ta ɗauki Langa a matsayin ma'aikacinta na farko mai kula da harshen na cikakken lokaci, daga baya aka ƙara wasu. Har yanzu kaɗan ne idan aka dubi yawan masu dogaro.

Hugo van Kemenade, mazaunin Helsinki, shi ya karɓi 3.14 da 3.15. Ya saki 3.14 ranar 7 ga Oktoban 2025, daidai ranar da jadawali ya ce, ɗauke da tallafi a hukumance ga zubin da ke iya gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda a kan ƙwaƙwalen injin ba tare da tsohon makullin da ya daɗe yana hana hakan ba. Bayan mako guda alfa na farko na 3.15 ya fito. A ƙarshen watan kuma wa'adin 3.9 ya cika, aka rufe reshensa, Langa ya sauke nauyin da ya ɗauka tun 2018.